Filin Tambaya da Amsa: Haruffa Huɗun da Ke Kan Takardar Gwajin Sankarar Huhu

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 61, ba ta taɓa shan taba ba, amma wata biyu da suka wuce aka tabbatar mata da sankarar huhu wadda ta riga ta taɓa ƙashin bayanta. Bayan an ɗebi ɗan yankin ƙarin an kai gwaji, takardar ta dawo ɗauke da haruffan EGFR da lamba 19. Likitanta ya ce sakamakon mai daɗi ne, ya kuma rubuta mata maganin haɗiya sau ɗaya a rana maimakon kemo. Ni kuwa na karanta cewa yawan wannan abu a jikin ƙari alama ce ta ciwo mai zafi da saurin yaɗuwa. Wanne ne gaskiya, kuma me sakamakon yake faɗa game da abin da ke gabanmu? Daga wata mai karatu da ta nemi a sakaya sunanta.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Abin da kika karanta da abin da likitanta ya faɗa ba su ci karo ba, domin magana biyu ce daban da ta haɗu a kan suna ɗaya: ke kin karanta batun yawan wannan furotin, shi kuma yana maganar sauyin da ya auku a cikin ƙirarsa. Kafin in raba miki su, dole ne mu fara da aikin da furotin ɗin yake yi a jikin mai lafiya.

Ƙwayoyin halittar jikinmu ba sa rabuwa su hayayyafa don ra'ayin kansu, sai sun sami izini daga waje, kuma wannan izini yana zuwa ne ta hannun wasu ƙananan furotin da ake kira sinadaran girma. Wani masani ɗan Amurka mai suna Stanley Cohen ne ya ware ɗaya daga cikinsu a 1962, ta wata hanya mai ban mamaki. Ya lura cewa idan aka yi wa jariran ɓeraye allurar ruwan da aka tatso daga matsirar yawun manyan ɓeraye, idanunsu kan buɗe, haƙoransu kuma su fito kwanaki kafin lokacin da aka saba. Ya bi diddigin abin da ke haddasa hakan har ya gano sinadarin da yanzu ake kira EGF, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1986 tare da Rita Levi-Montalcini. Harafin R da aka ƙara a ƙarshen EGFR yana nufin makarɓin wannan sinadari, wato abin da ke karɓar saƙon idan ya iso.

Makarɓin yana kafe ne a cikin fatar da ta lulluɓe ƙwayar halitta, kansa a waje, ƙafarsa a ciki, kamar ƙararrawar ƙofa wadda madanninta ke waje amma ƙararta a cikin gida ake ji. Idan sinadarin girma ya zo ya manne da kan, sai makarɓai biyu su matso su haɗu, wannan haɗuwa kuma ta tayar da ɓangaren da ke ciki. A wannan ɓangare akwai wani ɗan gurbi da ke karɓar ATP, wato makamashin da ƙwayar halitta ke aiki da shi, kuma daga ATP ɗin ne ake ciro fosfet a liƙa wa jelar makarɓin. Ki riƙe maganar gurbin nan, domin a cikinsa maganin Mama yake zama. Da zarar an liƙa fosfet, saƙon zai kama hanya daga hannu zuwa hannu. Hanya ɗaya tana bi ta furotin RAS, zuwa RAF, zuwa MEK, zuwa ERK, har ta kai cibiyar ƙwayar da umarnin a rabu gida biyu. Wata hanyar tana bi ta PI3K da AKT, ita kuma umarninta shi ne kada ƙwayar ta mutu. A jikin mai lafiya saƙon ba ya daɗewa, domin ƙwayar takan janye makarɓin ciki ta narkar da shi bayan ya gama aiki. Da haka rauni ke warkewa, fata ta sabunta, sannan komai ya lafa.

Tun shekarun 1980 masu bincike suka lura cewa ƙari da yawa na huhu suna ɗauke da wannan makarɓi fiye da kima, kuma hankali ya ba su cewa ƙarin da ya fi yawan makarɓai zai fi saurin girma, mai shi kuma zai fi shan wahala. Wannan ce maganar da kika ci karo da ita. Sai dai da aka auna yawan makarɓin a jikin dubban majinyata aka bi rayuwarsu, sakamakon bai tsaya a kan ƙafa ɗaya ba: wani bincike ya ga alaƙa, wani bai gani ba, kuma da aka tattara su wuri guda alaƙar ta fito da rauni. An ma gwada toshe kan makarɓin daga waje da maganin cetuximab tare da kemo, a binciken FLEX da aka wallafa a 2009, inda aka zaɓi majinyatan da ƙarinsu ke ɗauke da makarɓin, amma ribar da aka samu ba ta wuce daga wata 10.1 zuwa wata 11.3 ba. Shi ya sa a yau likitan sankarar huhu ba ya zaɓen magani bisa yawan EGFR, kuma ni ma ban ga dalilin da zai sa ki tayar da hankalinki a kan wannan ma'auni ba.

Inda gizo yake saƙar ya bayyana ne ta hanyar wani magani da ya kusa shiga kwandon shara. Gefitinib, wanda aka ƙera don ya shiga gurbin ATP ya toshe shi, ya sami izini a Japan a 2002, a Amurka kuma a 2003. Yawancin waɗanda suka sha shi ba su ga wani canji ba, amma kimanin ɗaya cikin goma a Amurka, da fiye da haka a Japan, ƙarinsu ya riƙa narkewa cikin makonni, har wanda ke kwance yana fama da numfashi ya miƙe ya koma harkokinsa. Likitoci sun lura cewa masu dacewar galibi mata ne, ko waɗanda ba su taɓa shan taba ba, ko 'yan gabashin Asiya, kuma ciwonsu nau'in adenokasinoma ne, wato sankarar huhun da ke farawa daga ƙwayoyin da ke fitar da majina, amma babu wanda ya san dalili. A 2004 ƙungiyoyin bincike uku, biyu a Boston ɗaya a Niyok, suka karanta rubutun gadon da ke ba da umarnin ƙera makarɓin a cikin ƙarin waɗannan majinyata. A ɗaya daga cikin binciken, mutum takwas cikin tara da maganin ya yi wa aiki suna da kuskure a wannan rubutu, alhali ba a sami kuskuren ba ko a mutum ɗaya cikin bakwai da maganin bai yi wa aiki ba.

Rubutun da ke ƙera EGFR yana kan kromosom na 7, ɗaya daga cikin ƙunsassun rubutun gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta, a rarrabe cikin sassa 28 da ake kira ekson. Lamba 19 da kika gani a takardar Mama tana nufin wasu haruffa sun ɓace daga sashe na 19, abin da ke sa a ƙera makarɓin da giɓin 'yan tubalan da ake gina furotin da su, galibi guda biyar, daidai gefen gurbin ATP. Kuskure na biyu da ya fi yawa yana sashe na 21, ana kiransa L858R, inda tubali guda a matsayi na 858 ya musanya da wani. Waɗannan biyu su ne kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na duk sauye-sauyen EGFR. Abin da suke haifarwa ɗaya ne: madannin ƙararrawar ya maƙale, tana ta kaɗawa ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ƙarin da ya taso ta wannan hanya yakan dogara kacokan ga wannan saƙo guda, kamar wanda ya kamu da shan wani abu har ba ya iya wuni babu shi, saboda haka idan aka katse saƙon ƙwayoyin sukan mutu da yawa a lokaci guda. Ana samun irin wannan sauyi a kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu adenokasinoma a Turai da Amurka, amma a gabashin Asiya yana kai wa kashi 40 zuwa 50.

Yanzu ga batun makoma, wanda na san shi ne ainihin abin da ke ranki. Masana suna bambanta alama iri biyu. Akwai alamar da ke faɗin yadda ciwo zai tafi ko da wane magani aka bayar, akwai kuma alamar da ke faɗin ko wani takamaiman magani zai yi aiki. Ƙarfin sauyin EGFR ya fi karkata ga na biyun. Binciken IPASS, wanda Farfesa Tony Mok na Hong Kong ya jagoranta aka wallafa a 2009, ya nuna haka a fili cikin majinyata 1,217 na gabashin Asiya. A cikin masu sauyin, ƙari ya ragu sosai a kashi 71 cikin ɗari na waɗanda suka sha gefitinib, idan aka kwatanta da kashi 47 na waɗanda aka yi wa kemo. A cikin marasa sauyin kuwa, gefitinib ya yi aiki ne a kashi 1 kacal, kemo kuma a kashi 23. Daɗin da likitan Mama yake nufi ke nan: ciwon nata yana da lagon da aka sani, kuma akwai maganin da ke kama wannan lago.

Idan muka zo ga alƙaluma, wani babban bincike da aka wallafa a 2002, wanda ya kwatanta haɗin kemo iri huɗu a masu ciwon da ya yi nisa, ya sami matsakaicin rayuwa na kimanin wata 8. A binciken FLAURA kuwa, wanda ya ƙunshi majinyata 556 masu sauyin EGFR, waɗanda aka fara wa da osimertinib, sabon maganin haɗiya mai toshe gurbin ATP, sun yi matsakaicin wata 18.9 kafin ciwon ya sake motsawa, a kan wata 10.2 na masu shan tsofaffin magungunan irin gefitinib, matsakaicin rayuwarsu kuma ya kai wata 38.6 a kan wata 31.8. Ina roƙonki ki fahimci kalmar matsakaici yadda masu binciken suke nufi. Idan aka jera majinyata ɗari bisa tsawon lokacin da kowa ya samu, adadin na mutumin da ke tsakiyar layin ne, rabin mutanen sun wuce shi, wasu ma da shekaru. Ba wa'adi ba ne da aka yanka wa kowa, kuma babu likitan da zai iya nuna miki inda Mama take a wannan layi tun daga ranar farko.

Akwai dai abubuwan da ke karkatar da hasashen. Masu giɓin sashe na 19, irin na Mama, a dunƙule sun fi masu L858R daɗewa a kan magani. Idan ƙarin yana ɗauke da wani kuskuren a rubutun TP53, wanda aikinsa shi ne tsayar da ƙwayar da ta lalace, lokacin yakan gajarta. Ƙarfin jikin majinyaci, wato ko yana iya tashi ya yi hidimar kansa, yana da nauyi ƙwarai, haka ma yawan wuraren da ciwon ya taɓa. Ciwon mai sauyin EGFR yana da halin zuwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ɗaukar hoton kai, kuma ɗaya daga cikin dalilan fifita osimertinib shi ne ya fi magabatansa ratsawa zuwa can. Matakin ciwon kuwa har yanzu shi ne babba a kan duk sauran. A mataki na huɗu, wato idan ciwon ya yaɗu zuwa wasu sassan jiki kamar na Mama, burin maganin shi ne danne ciwon na tsawon lokaci da kyautata rayuwa, ba kawar da shi gaba ɗaya ba, kuma gara ki ji wannan daga yanzu. Ku sa ido kan ƙurajen fuska da ƙirji, gudawa, da kumburin gefen farce, waɗanda aka saba gani a masu shan irin wannan magani kuma ana iya magance su. Amma sabon tari, zazzaɓi ko ƙarancin numfashi da ya taso farat ɗaya yana buƙatar zuwa asibiti a ranar, domin a wasu ƙalilan maganin yana kumbura huhun kansa.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Yayana ya shekara ɗaya da wata biyu yana shan erlotinib, har ya murmure ya koma bakin aikinsa. Hoton da aka ɗauka kwanan nan ya nuna ƙarin ya fara girma, likitoci kuma suna so su sake ɗibar tsokarsa. Shin maganin ne ya lalace, ko jikinsa ne ya saba da shi? Kuma me ya sa za a sake gwajin da aka riga aka yi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Barka kadai, ɗan uwa, Allah ya ƙara masa sauƙi. Ba jikinsa ne ya saba ba, ƙarin ne ya canza. A cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke cikin ƙari ba duka ne iri ɗaya ba, kuma yayin da maganin ke kashe masu jin sa, 'yan tsirarun da suka dace da wata hanyar tsira sukan rage, su hayayyafa a hankali har su cike gurbin. Wata goma zuwa goma sha huɗu shi ne lokacin da aka saba gani da magungunan zubin farko irin erlotinib da gefitinib, saboda haka abin da ya sami yayanka ba baƙon abu ba ne.

A fiye da rabin irin waɗannan majinyata, dalilin shi ne kuskure na biyu a makarɓin, mai suna T790M, wanda aka fara bayyanawa a 2005. Wannan sauyi yana bakin gurbin ATP, kuma yana sa makarɓin ya ƙara riƙe ATP da ƙarfi, har maganin ya kasa ture shi. Osimertinib, da ya sami izini a 2015, an ƙera shi ne musamman don wannan matsala, domin shi ba takara yake yi da ATP ba kawai, yana ɗaure kansa ne dindindin a jikin tubali na 797. A binciken AURA3, masu T790M da aka ba shi sun yi matsakaicin wata 10.1 kafin ciwon ya motsa, a kan wata 4.4 na waɗanda aka mayar kan kemo. A wasu majinyatan kuma ƙarin yakan bar EGFR a toshe ya buɗe wata ƙofar, galibi ta hanyar ninka wani makarɓin mai suna MET, wanda ke zuba saƙonsa cikin hanyoyin RAS da AKT ɗin nan dai. A wasu ƙalilan ƙarin yakan rikiɗe gaba ɗaya ya koma nau'in sankarar huhu mai ƙananan ƙwayoyi, wadda maganinta kemo ne na daban. Kowanne cikin waɗannan yana da nasa magani da nasa hasashe, kuma hoto ba ya iya bambanta su, shi ya sa ake sake ɗibar tsoka. Ana iya fara neman T790M a cikin jini, domin ƙari yana zubar da ɓurɓushin rubutun gadonsa a ciki, amma idan jinin bai nuna komai ba hakan bai kore shi ba, kuma jini ba ya nuna rikiɗewar da na ambata. Kada yayanka ya dakatar da maganin da kansa kafin likitocinsa su tsara na gaba, domin akwai ƙwayoyin da har yanzu maganin ke dannewa, kuma sukan yi tashin gaggawa idan aka sake su.

Tambaya: Likita, an gwada ƙarin mijina ba a sami sauyin EGFR ba. Wata da muka haɗu da ita a asibiti ta ce maganin haɗiyan ya tayar da mahaifinta daga kwance. Ko za mu iya nemansa mu gwada, tunda an ce ya fi kemo sauƙi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, Allah ya ba maigida lafiya, amma ba na ba ki shawarar haka ko kaɗan, domin kama da wane ba ta wane. Ki dubi alƙaluman IPASS da na kawo a sama: a marasa sauyin, mutum ɗaya cikin ɗari ne maganin ya rage wa ƙari, kuma ciwonsu ya fi saurin ci gaba fiye da na waɗanda aka yi wa kemo. Watannin da za a ɓata ana gwaji su ne mafi tsada a wannan ciwo.

Abin da ya fi dacewa ku tambaya shi ne ko an duba sauran makarɓan da 'yan aikensu, domin EGFR ɗaya ne cikin dangi. A 2007 ƙungiyar Hiroyuki Mano a Japan ta gano cewa a wasu majinyatan wani yanki na kromosom na 2 yakan juye, ya haɗa makarɓin ALK da wani furotin da ke barinsa a kunne. Ana samun wannan a kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, galibi masu ƙarancin shekaru da ba su sha taba ba, kuma a binciken CROWN kashi 60 na waɗanda aka fara wa da lorlatinib, maganin da ke toshe ALK, ciwonsu bai motsa ba bayan shekara biyar, a kan kashi 8 na masu shan tsohon maganin crizotinib. Makarɓan ROS1, RET, MET da HER2 kowanne yana da kaso kaɗan da kuma maganin da aka yi dominsa. KRAS kuwa, wanda ya fi yawa a masu shan taba kuma ake samu a kusan rubu'in masu adenokasinoma a Turai da Amurka, ba makarɓi ba ne, ɗan aike ne da ke ƙasa da makarɓin. Idan shi ne ya maƙale a kunne, toshe EGFR ba ya hana komai, tunda saƙon daga tsakiyar hanya yake tasowa. An shafe kusan shekara arba'in ana neman abin da zai kama shi kafin sotorasib ya sami izini a 2021, shi ma don nau'in G12C kaɗai. Idan duk ba a sami ko ɗaya ba, akwai magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, su kaɗai ko tare da kemo, waɗanda ma sun fi yin aiki a marasa sauyin EGFR da ALK, kuma gwajin PD-L1, wani furotin da ƙari ke ɓuya da shi daga garkuwar jiki, shi ne ke taimaka wa likita wajen tsara su.

Tambaya: Likita, tunda an ce sauyin a rubutun gado yake, shin mu 'ya'yan majinyaciya za mu gaje shi? Daga wani mai karatu.

Amsa: A'a, ɗan uwa, a mafi rinjayen lokuta ba a gadonsa. Giɓin sashe na 19 da L858R suna aukuwa ne a cikin wata ƙwayar huhu guda a tsawon rayuwar mutum, kuma suna nan ne a cikin ƙarin kawai, ba sa cikin ƙwai ko maniyyin da ake haifar ɗa da su. Akwai iyalai ƙalilan ƙwarai a duniya da ake haifarsu da T790M a dukkan jikinsu, kuma abin da ke sa likita ya yi zargin haka shi ne ganin T790M a gwajin farko tun kafin a sha kowane magani, ko kuma samun 'yan gida ɗaya da dama da ba sa shan taba sun kamu da sankarar huhu. Idan babu ɗaya cikin waɗannan biyu a gidanku, ba a buƙatar ku yi gwajin EGFR.